Kwamfiresa da fanka na haɗa abin sanyi

Malam, kan tambayarka ko kwamfiresar da ake buga wa taya iska za ta sanyaya akwatin da kake haɗawa, gaskiya ba za ta yi ba. Iska in aka matse ta zafi take yi, ga ƙara ga cin wuta. Ta firij daban ce, gas take zagayawa da shi cikin rufaffen bututu.

Ita kuma fanka ba ta sanyaya iska fa, kore zafi kawai take yi. Nemi ta kwamfuta mai 12V, mai faɗin 120mm ta fi mai 80mm shiru tunda a hankali take juyawa amma iskar na fita sosai. In lagireto za ta hura ka duba ƙarfin turinta, kar ka tsaya kan CFM, wato yawan iskar da take fitarwa a minti ɗaya, kaɗai. Kuma ka bar kafar da zafin zai fita waje.