Ta yaya ake sauya aniyon ba tare da ƙwayar kiristal ta rushe ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kemistiri a wata sakandaren ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Na karanta cewa ana cire aniyon, wato atam masu ɗauke da cajin lantarki na negatif, daga 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin kiristal a sa wasu, tsarin kuma yana nan daram. Yaya haka za ta yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dole ka yi mamaki, domin a yawancin kiristal, aniyon su ne manya, su ne dirkokin da ke riƙe da rumfar. Ka taɓa dirka, rumfa ta karkace. Shi ya sa in aka mai da zink oksayid zuwa zink salfayid, wato aka cire aniyon oksayid aka sa salfayid, sau da yawa ƙwayar kan fito da kogo a cikinta.

Inda abin ya yi daɗi shi ne ƙwayoyin wani nau'in kiristal da ake kira ferobskayit, na siziyom da dalma da buromayid, CsPbBr3, masu girman nanomita 10 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A 2015 ayarin Maksym Kovalenko a Zurik ta Suwizalan da na Liberato Manna a Jenowa ta Italiya suka nuna cewa in aka zuba gishirin ayodayid a ruwan da ƙwayoyin ke ciki, ba wuta ba komai, nan da nan koren haskensu ke komawa ja, alamar ayodayid ya maye gurbin buromayid. In kulorayid aka zuba, ya koma shuɗi. Siffar ƙwayar tana nan.

A nan siziyom da dalma ne dirkokin, ba sa gusawa. Su kuwa aniyon akwai guraben da ba kowa a tsakaninsu, sai su riƙa tafiya kamar 'ya'yan dara: wannan ya matsa gidan da ba kowa, na waje ya shigo nasa. Da yake ƙwayar 'yar ƙil ce, daga baki zuwa tsakiya ba nisa. In kana son ɗalibai su gane, haƙa musu gidajen dara a ƙasa kawai.

Amma girma na da iyaka. Daga tsakiyar aniyon zuwa bakinsa, kulorayid pikomita 181 ne, buromayid 196, ayodayid 220 (pikomita kashi ɗaya ne cikin dubu na nanomita). Daga buromayid zuwa ayodayid ƙwayar kan ɗan kumbura ta jure. Daga kulorayid kai tsaye zuwa ayodayid tazarar ta yi yawa, sai an bi ta buromayid.

Roƙona, Malam, kada a gwada wannan a makaranta. Dalma guba ce, ita ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.