Amsa ga Hajiyar Marwa: takunkumin injin barci da gemun Alhaji

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, ina kan hanyar Gaundare ne shi ya sa sai yau. Kin ce likita a Duwala ya rubuta wa Alhaji injin CPAP, wanda likitocinmu ke kira PPC, mai hura iska ta takunkumi don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, saboda numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. Takunkumin da aka haɗo masa ya ci masa karan hanci, iska na hura masa ido, har ya naɗe kayan ya jefa a kan kabad. Yanzu ɗanku da ke Faransa zai aiko da wani, kina tambayar wanne ya fi.

Shekara biyar ke nan ina kwana da wannan inji a nan Garwa. Gwajin da aka yi mini a Yawunde ya nuna numfashina na yankewa sau 38 a awa guda, alhali daga 30 ma an shiga sahun masu tsanani. Don haka abin da Alhaji ya yi ni ma na yi shi, wata biyu cur injina yana cikin kwali.

Kafin ɗanku ya kashe ko sisi, ki duba mini abu biyu. Alhaji na da gemu? In ya yi nisa a barci, bakinsa a buɗe yake ko a rufe? Ke ce za ki iya faɗa, shi bai san abin da yake yi ba.

Takunkumin iri uku ne. Akwai babba mai rufe hanci da baki, akwai mai rufe hanci kaɗai, sai ƙarami mai 'yan kawuna biyu masu laushi da ke zama a ƙofofin hanci. Daga bayaninki babban aka ba shi, kamar yadda aka ba ni. Mai sayarwa ya ga ƙato mai minshari, sai ya ɗauko mafi girma. To shi babban, robarsa sai ta manne da fata tun daga karan hanci har ƙasan leɓe, ni kuwa gemuna da gashin bakina sun tare wurin. Da na kwanta sai iska ta samu hanya ta cikin gashi, tana wani fiii kamar tayar babur ta yi faci. In ja igiya in ƙara tamkewa, can cikin dare ta sake, in ƙara ja. Gari na wayewa na fito masallaci da jan zane a kumatu, wani dattijo a sahu har yana tambayata ko faɗuwa na yi. Cikin mako biyu karan hancina ya saluɓe.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ita robar an yi ta ne don iskar inji ta kumbura ta, ta kama fuska da kanta. In ka matse ta sai ta lanƙwashe, yoyon ya ƙaru. Yanzu nakan kwanta tukuna, in kunna inji, in ɗan ɗaga takunkumin in mayar, sannan in ja igiya daidai inda ƙarar ta tsaya. Yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashin igiyar. A kwance ake gwadawa, don fuskar mutum a zaune daban take da fuskarsa a kan matashi.

Ni dai ƙaramin nan na ƙofar hanci ne ya cece ni, AirFit P10 na kamfanin ResMed. Bai taɓa gemu, bai hawa karan hanci, kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ba ya tara gumi kamar babban. Amma ba zan ɓoye miki ba, makon farko ƙofofin hancina sun yi tsami. Kuskurena ne, na sa ƙaramar lamba tana nutsewa ciki, ashe a baki ya kamata ta zauna. Ɗanku ya nemi kwalin da ke ɗauke da girma uku, S da M da L. Wanda kuma likita ya ɗaga masa ƙarfin iska sosai (injin daga 4 zuwa 20 yake, nawa 11 ne) yakan ji kamar ana tsira masa iska a hanci. Irin wannan gara mai rufe hanci, kamar N20, ko mai kwanciya a ƙarƙashin hanci kamar N30i na ResMed da DreamWear na Philips. Waɗannan biyun tiyonsu ta saman kai yake fita, sun dace da mai juye-juye, kuma suna da girma na masu faffaɗan hanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Akwai takardar awo da kamfanonin ke sawa a intanet, a buga ta daidai girmanta a kara a hancinsa.

In kuwa bakinsa a wangale yake kwana, iskar da ta shiga ta hanci ta baki za ta fice, ya tashi maƙogwaro kamar an zuba toka. A fara da ɗaurin haɓa. In bai yi ba, a koma babban, sai dai a rage gashin baki da na ƙasan leɓe, ko a ɗauki F30 da ke zama ƙarƙashin hanci don ciwon ya samu ya warke. Sau da yawa toshewar hanci ce ke sa buɗe bakin, musamman da hunturu in ƙura ta taso. Ruwan gishiri na wanke hanci da ake samu a kantin magani, da kunna tukunyar ruwan da ke jikin injin, sun rage mini wannan sosai. Ruwan famfonmu na barin farin ɓawo a tukunyar, don haka tataccen ruwa ya fi.

Na san za ki yi tunanin ɗaukewar wuta, don uwargidana ma abin da ya hana ta barci ke nan. Mai takunkumin hanci buɗe baki kawai zai yi ya farka. Babban kuma yana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta in inji ya tsaya. Ita da ƙananan hujojin da iska ke fita kada a kuskura a toshe su. Wani abokina ya liƙe nasa da salatif wai sanyi na damun matarsa, bai san ta nan numfashin da ya fitar ke ficewa ba.

Man kaɗanya ko basilin kada ya shafa a fuska da dare, suna sa robar santsi kuma suna lalata ta. Kullum da safe nakan wanke tawa da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, in shanya a inuwa, ranar nan tamu busar da roba take yi. Tunda kaya ba kullum ke zuwa ba, ɗanku ya haɗo da robobin canji uku ko huɗu da matatun ƙura.

Abu ɗaya mai muhimmanci: wasu takunkuman, har da F20 (babba mai rufe hanci da baki) da N20 da F30, maganaɗisu ne ke kama igiyarsu. Kamfanonin da kansu sun yi gargaɗi, Philips a 2022, ResMed a 2023, cewa wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a ka ya guje su, har da wanda ke kwana kusa da shi. In akwai haka a ɗayanku, a gaya wa likita. P10 ba shi da maganaɗisu.

Bakin tiyo kusan duk ɗaya ne, milimita 22, don haka takunkumin wani kamfani na shiga injin wani. Sai dai in an canza iri, a shiga saitin injin a gaya masa wanne aka sa. Ƙarfin iska kuwa a bar wa likita.

In kaya sun iso, kada Alhaji ya jira dare. Ya sa shi bayan la'asar yana sauraron rediyo, rabin awa, kwana uku ko huɗu, kafin ya kwana da shi. Ki turo mini sunan injin da ke rubuce a gabansa, da amsar gemun nan da bakin, in faɗa miki wanda ɗanku zai saya. A gaida Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi.