An ce mu koma gida da Inna, to me nas za ta yi mana?

Tambaya: Mahaifiyarmu tana fama da sankarar nono, har ta shiga ƙashi. Likitoci sun ce a koma gida, sun haɗa mu da wata nas da kwalbar ruwan mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Yayanmu ya hana a ba ta, wai gaggauta ajali yake yi. Tunda ba warkewa za a yi ba, mene ne amfanin nas ɗin?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Inna sauƙi. Cutar ce ta fi ƙarfin magani, amma raɗaɗinta bai fi ƙarfinmu ba. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967, ita kanta nas ce kafin ta zama likita, kuma ita ta dage cewa a ba da maganin ciwo a kan lokaci, kada a jira sai majinyaci ya fara nishi.

Ki lallashi Yaya. Mofin da aka fara da kaɗan, ana ƙarawa gwargwadon ciwo, ba ya gajarta rai. Ana ba da na ruwa duk bayan awa huɗu. Abin da yake jawowa tabbas shi ne taurin bayan gida, shi ya sa mu ma'aikatan jinya muke haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko. A Yuganda tun 2004 doka ta ba nas mai horo na musamman damar rubuta mofin da kanta.

Sauran aikin na hannu ne. Nas za ta duba ƙugu, dunduniya da gindin baya, inda gyambon kwanciya ke farawa da ɗan duhun fata, ta koya muku juya Inna duk awa biyu, a hankali, don ƙashin da cutar ta ci saurin karyewa yake yi. In akwai gyambo a nonon, ta wanke shi, ta rage warinsa.

Inda muka fi shan fama da iyali shi ne abinci. Kowa ya zo dubiya sai ya ce a ɗura kunu. Kada a ɗura, yana iya sarƙe ta ya faɗa huhu. In haɗiya ta gagara, auduga a jiƙe a shafa a leɓe ta isa.

In lokaci ya matso, nas za ta gaya muku: barci ya yawaita, ƙafafu su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa. Ku zauna kusa da kunnenta, a laƙƙana mata kalmar shahada a hankali, ba tare da takura ba.