Abin da ya sa 'ya'yan Zongo ke kaɗa gangar Tonawa a makaranta

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa na lafiya a Kano. Tambayarka ta iso, kuma na ji nauyinta. Ka ce ka ga 'yata cikin 'yan ajinsu tana rawar adowa ta Tonawa, wato ƙabilar Asante ta Kumasi, ƙanenta kuma rataye da ganga, alhali mu jikokin malamai ne da fatake, babu maroƙi ko ɗaya a zuri'armu. Ka ce anya zaman Kumasi bai cinye mu ba? Akwai abin dubawa a maganarka, amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne da naka.

A firamaren gwamnati a nan Ghana, kiɗa da rawa suna cikin darasin fasaha, kuma ba a tambayar yaro sana'ar gidansu kafin a miƙa masa ganga. Ana kuma yin gasar al'adu tsakanin makarantu, har da gasar yin magana da ganga. Ba da sauƙi aka kai nan ba. A zamanin Turawa, makarantun mishan sun ɗauki gangar gargajiya kayan tsafi. Ephraim Amu, mutumin Ewe, ya rasa aikinsa na koyarwa a kwalejin horar da malamai ta Akropong saboda ya nace da ɗaura zanen gargajiya da koyar da kiɗan ƙasa. A 1934 ya koma kwalejin Achimota, kuma shi ne ya gyara sarewar gora da ake kira atenteben har ta zama abin da yara ke busawa a aji. Bayan samun 'yancin kai, masanin kiɗa Kwabena Nketia da masanin rawa Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a jami'ar Legon a 1962, aka tara adowa da kete na Tonawa, agbadza na Ewe, damba da takai na Dagombawan arewacin Ghana a dandali ɗaya. Manufar Nkrumah, shugaban Ghana na lokacin, ita ce ɗan kowace ƙabila ya san kiɗan maƙwabcinsa. Wannan ne ya gangaro har ajin 'ya'yana.

Da ka ga yadda ake koyarwar, da ka fahimci abin da ya sa ban hana su ba. Malami ba ya fara ba yaro ganga. Ƙararrawar ƙarfe yake ba shi, dawuro, ya ce ya riƙe bugu ɗaya kada ya kauce, domin ita kowa ke bi; in mai dawuro ya yi tuntuɓe, duk kiɗan ya watse. Sai a koya masa kiɗan da baki, ya yi ta faɗa yana tafawa, kafin hannunsa ya taɓa fata. Manyan ganguna biyu da ake kira atumpan, ɗaya mai kaurin murya ɗaya mai siririya, su ke kwaikwayon hawa da saukar harshen Twi, su yi karin magana, su kira sunan sarki. Ɗana ya dawo gida yana buga mini gaisuwa a kan tebur da yatsu biyu, yana jira in gane abin da ya ce. A nan yaro ke koyon haƙuri da sauraren na kusa da shi, abin da mu ma muke nema a makarantar allo.

Gangar da ka gani a hammatar ɗana kuwa, sake duba ta. Mai siririn ƙugu ce, da tsarkiya daga baki zuwa baki, ana matsa ta murya ta hau, a sassauta ta sauka. Tonawa na kiranta donno, kuma daga arewa ta zo musu. 'Yar'uwar kalangu ce. Hanyar goro da kakanninmu suka bi daga Kano zuwa Gwanja ba goro da kanwa kaɗai ta ɗauka ba; malamai sun bi ta, makaɗa ma sun bi ta. Da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja a 1892, fatake suka bazu zuwa Karachi da Akra da sauran garuruwa, bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896 kuma Zongon nan, unguwar Hausawa da sauran baƙi daga arewa, ya cika. In ka je Tamale, a ƙasar Dagombawa, lokacin bikin Damba, wanda ake yi a watan Mauludi, za ka ji goge, za ka ji kalmomin Hausa cikin take da kirarin makaɗan Dagombawa. Cuɗanyar ta girmi makarantar boko nesa ba kusa ba.

Kada ka ɗauka ba mu da iyaka. Akwai kiɗan da ake yi wa bokaye a wurin tsafi, akom, wanda mutum ke hawan iska a cikinsa. Wannan babu ɗan Zongon da ya san ciwon kansa da zai tura ɗansa. Inda za a zuba giya a ƙasa don kakanni, yaranmu sukan ja gefe, malamai da yawa kuma sun san haka, ba sa tilastawa. Shigar adowa ta asali tana barin kafaɗa a waje, don haka iyaye mata ke sa wa 'yan mata riga mai dogon hannu a ciki, a ɗaura zanen a kai, kai a rufe. Kuma bakinmu bai zo ɗaya ba. Akwai gidajen da suka haramta abin gaba ɗaya, suna da malaman da suka dogara da su, ba na raina su. Ni dai na auna na ga yaron da zai zauna da Tonawa a kasuwa da ofis da jana'izar maƙwabta, gara ya san abin da gangarsu ke faɗa. Mutanen nan in suka ga ɗan Zongo ya iya juya hannu a adowa yadda ya kamata, don kowane motsi yana da ma'ana, wani irin mutunci suke ba shi.

Ga abin da ke damuna. Yaranmu suna koyon na kowa, amma babu mai koyon namu. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa na watsa labarai da ita, kuma ita ce harshen Zongo daga Kumasi har Akra. In aka zo gasar al'adu aka ce a kawo na Musulmin arewa, damba ko takai ake ɗaukowa. Ɗan Zongo ya tsaya ya wakilci kowa ban da kansa.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, Yaya. Mu muka taho da raina makaɗi daga gida. Muna son kalangu ranar kamu da ranar kai amarya, muna son makaɗan Sarkin Zongo ranar Sallah, mu yi liƙi mu ji daɗi, amma ko kusa ba ma son a ce ɗanmu ne ke riƙe da gangar. Su Dagombawa ma gado ne a wurinsu, sai ɗan gidan makaɗa ke zama makaɗi, amma suna ganinsa a matsayin ma'ajin tarihi, wanda ya haddace sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Alhaji Abubakari Lunna, Musulmi ne, alhaji, ya koyar da kiɗan Dagombawa a jami'ar Tufts ta Amurka, aka rubuta abin da ya sani aka adana. Tsofaffin masu kalangu da goge na unguwanninmu kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in, bikin yanzu kuma na'ura ake ɗaukowa a kunna. Akwai take na mahauta, na maƙera, na manoma, kowane da ma'anarsa. Yarana sun san abin da atumpan ke cewa da Twi, amma ba su taɓa jin kalangu ya kira sunan kakansu ba. Wannan ne ke sa ni baƙin ciki.

Mu 'yan iyaye kaɗan mun yi magana da malamin fasaha na makarantar, ya ce ƙofa a buɗe take, in mun kawo mai koyarwa da kayan kiɗa zai ba mu lokaci, 'ya'yan Tonawa da na Ewe ma su koya. Akwai wani dattijo a unguwar Aboabo ta nan Kumasi da ya yarda zai zo. Abin da ya rage kaya ne masu kyau. Don Allah ka bincika mana wurin masu haɗa kalangu a can Kano, ka ji kuɗin guda huɗu ƙanana daidai hannun yara, da sandunan kaɗa su da tsarkiyar canji. In akwai mai zuwa Kumasi cikin 'yan goro bayan Sallah, sai a ba shi ya taho da su, ni zan aiko da kuɗin. A gaida Inna da yara.