Shirwa Ba Ta Jiran Mai Kyamara: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai ɗaukar hoton biki daga Ƙofar Kaura a Katsina ya rubuto: "Malam, kyamarar Canon gare ni, ina son ɗaukar shirwa da shamuwa suna cikin tashi. Lensi mai zum zan saya ko mai tsayi ɗaya?"

Ɗan'uwa, sayi mai zum, wato wanda ake juyawa ya jawo abu kusa ko ya mai da shi nesa. Na san masu tsayi ɗaya, waɗanda ba a ƙara ko rage jawowarsu, sun fi kaifi da saurin kama fokas, ga rashin nauyi: Canon 400mm f/5.6 bai wuce kilo ɗaya da kwata ba, Sigma 150-600mm kuwa ya kusa kilo 2. Amma amarya ka saba ɗauka, wadda ke tsayawa in ka ce ta tsaya. Shirwa ba ta san wannan ba. A 400mm, kafin ka lalubo ta a sararin sama ta wuce hasumiyar Gobarau. Da zum sai ka buɗe a 150 ka gano ta, sannan ka jawo ta kusa. Aibinsa ɗaya: yana miƙewa yana komawa kamar zugazugin maƙeri, yana shaƙar ƙurar hunturu. In na hannu za ka saya, haska tocila ta cikinsa ka duba ƙura da fumfuna kafin ka ƙirga kuɗi, don kuɗin nan sun kusa na sabon babur.

Wani kuma yana tambaya ko ɗan madubin nan da ake maƙala wa waya zai yi. Ba zai yi ba. Sayi katin waya da kuɗin.

Wata ɗaliba daga Daura ta ce kyamarar Nikon ta yayanta take ara mai lensi 70-300mm, duk hotunan dishi-dishi suke fita, har tana tsoron ko ta lalata masa kaya.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, babu abin da kika lalata. Saurin ƙiftawar kyamarar ne ya yi ƙasa. Kai shi 1/2000 na daƙiƙa, sa fokas a AF-C, wato wanda ke ta bin abu mai motsi, ki ba rana baya. Fara koyo da tattabarun unguwa da balbelun da ke bin shanu. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi, don haka ki tsaya inda iska ke bugun bayanki, zai taso ta wajenki. In za ki dam ɗin Daberam, ki tafi da yayan naki. Kuma kowa ya kiyaye: kada a ɗaga dogon lensi kusa da bariki ko filin jirgi a wannan zamani.

Ba wanda ya tambaye ni maganar memori, wato katin da kyamara ke ajiye hotuna a ciki, amma sai na yi. Mutum zai zuba dukiya a lensi, sai ya tsaya a bakin titi ya sayi memori mai 128GB a kuɗin kwanon shinkafa, yana murna ya yi wayo. Jabu ne! An yi masa dabara ne ya nuna 128, alhali cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. In ya cika sai hotunan su riƙa lalacewa, kyamara ba ta ce uffan ba. Ni kaina ya ci ni. Na yi sammako zuwa dam ɗin Ajiwa, na samu zalɓe ya tashi da kifi a baki, ruwa na ɗiga daga ƙafafunsa. Na dawo gida ina rawar jiki, na sa a kwamfuta, rabin hoton toka-toka, sauran sun ƙi buɗewa. Ko memorin na gaskiya ne, in ba shi da sauri, kyamara sarƙewa take yi a tsakiyar ɗauka a jere, ka tsaya kana kallon tsuntsu yana tafiya. Nemi mai alamar sauri ta V30, ka karɓi rasit, ka gwada ainihin girmansa a kwamfuta da manhajar H2testw a ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba.