Filin Birij: Wane Kati Zan Fara Jefawa Idan Akwai Turom?

Tambaya: Malam, a birij, wasan kati na mutum huɗu biyu-biyu, an tsaya a kan kwangilar 4♠, wato ♠ ce turom, kalar da ke cin sauran kaloli, ni ne a hagun mai kwangila, wato wanda zai buga ta, jifan farko nawa ne. Hannuna: ♠ 7 4 2, ♥ A 8 5 3, ♦ K Q 10 6, ♣ 9 4. Na jefa ♥3 kamar yadda aka koya mini, wato na huɗu daga sama. Mai kwangila ya ci da K, daga baya ya yanke mini A da turom. Ina laifin yake?

Amsa: Ƙa'idar da aka koya maka ta wasan da babu turom ce. A can kana da lokaci, za ka iya sadaukar da ci ɗaya don ƙananan katunanka su girma. Da zarar akwai turom, zagaye na uku na kowace kala galibi yanke shi ake yi, don haka abin da za ka samu a zagaye biyun farko shi ne naka. Kwangilar 4♠ ci goma take nema cikin sha uku. Ku huɗu kacal kuke buƙata, kuma da wuri.

Shi ya sa ba a jefa ƙaramin kati daga ƙarƙashin A a irin wannan kwangila. Idan K tilo ne a hannun mai kwangila, ka ba shi ci kyauta, A ɗinka kuma ya mutu a hannu. Jefa A ɗin kansa ma ba gwaninta ba ce, domin ƙananan katuna zai kwaso, alhali aikinsa kama K ko Q. Ka bar ♥ har wani ya taɓo ta.

A hannun nan ♦K ne jifa. Ko ya ci, ko ya fitar da A, Q ta zama ci. Haka duk manyan katunan da ke jere: Q daga Q J, J daga J 10. Wanda ya fi su duka shi ne A K a kala ɗaya, saboda kana ci, ka ga katunan abokin mai kwangila da ake shimfiɗawa a tebur bayan jifan farko, kuma jifa na nan hannunka. Wasu A suke fara jefawa, wasu K. Ku daidaita da abokin wasanka tun kafin a raba kati.

Tambaya: Ni duk lokacin da nake da kati tilo a wata kala shi nake jefawa, amma abokiyar wasana tana ƙorafi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Hajiya, ki fara da lissafi. Maki 40 ne a kartar duka: A huɗu, K uku, Q biyu, J ɗaya. Waɗanda suka taya har 4♥ ko 4♠, a tayin da ake yi kafin wasa don tsayar da kwangila, yawanci suna da 25 ko 26. Idan ke kina riƙe da 13, abokiyarki ɗaya ko biyu ya rage mata. To ta ina za ta karɓi jifa ta dawo miki da kalar ki yanka? Sai ki ga kin tona wa Q ɗinta asiri a banza. Tilo ya fi amfani idan hannunki ba shi da ƙarfi, domin ƙarfin yana wajenta.

Sai ki duba turom ɗinki. A da ƙanana biyu, ko K da ƙanana biyu, shi ne abin so: galibi mai kwangila ba zai kwashe turom a jere ba, za ki tare shi, ki ba abokiyarki jifa, ta ba ki yanka. Amma Q J 10 na turom ci ɗaya ne tabbas. In kin yanka da ɗaya, cin da yake naki dama kika karɓa.

Idan turom huɗu gare ki, akwai hanyar da ta fi. Ki jefa kalarki mafi tsawo, ki tilasta wa mai kwangila yanka. Mai turom biyar in ya yanka sau biyu saura uku, ke kina da huɗu, wasan ya kuɓuce masa. K tilo kuwa a bar shi, sau da yawa yakan ci da kansa.

Ita ma abokiyarki da aikinta. Katin da za ta dawo miki da shi saƙo ne: babba na nufin ki komo mata ta kala mafi daraja cikin biyun da suka rage ban da turom, ƙarami ta ƙaramar. Wannan alama da sunan Hy Lavinthal na Amurka aka san ta, a Ingila kuma McKenney ake ce mata.

Tambaya: Na ji ana cewa in ka rasa abin jefawa ka jefa turom. Haka ne?

Amsa: A'a, turom ma sai da dalili, kuma dalilin a cikin tayi yake. A ce mai kwangila ya taya 1♠, abokinsa 1NT (NT na nufin babu turom), mai kwangila ya ƙara 2♥, abokin ya yi shiru. Wannan shirun ya nuna ♠ kaɗan ce a hannun da za a shimfiɗa, kuma da turom ɗin tebur za a yanke ♠ na mai kwangila. In kana riƙe da ♠ K J 9 5, jefa ♥, in ka sake samun jifa ka ƙara. Haka in sun yi tayin sadaukarwa don su hana ku kwangilarku: makinsu kaɗan ne, da yanka suke fatan ci.

Kada ka jefa turom tilo, yakan kashe Q ko J na abokinka. Kada kuma ka jefa daga Q da ƙanana biyu. In tayi ya nuna tebur na da doguwar kala mai ƙarfi, turom ɓata lokaci ne, domin a kanta mai kwangila zai zubar da katunansa marasa ci. Nan sai ka kai hari a kalar da ba wanda ya taya, ko da daga ƙarƙashin K ne.

Tambaya: Abokina ya taya ♦, ina da K 7 3. Ba babban zan ba shi ba?

Amsa: Tsohon yayi ke nan. Jefa 3. A ce abokinka na da A J 10 6 2, mai kwangila Q 8 4. In ka fara da K, A ya biyo, Q ta tsira. In ka fara da 3, ya ci da A ya dawo da J, Q ta shiga tsakaninku, K na jiranta. Da katuna biyu, babban ake jefawa. In A ne a hannunka, jefa A ɗin. Ƙanana uku kamar 8 5 2 ne ake saɓani a kansu: wasu na tsakiya, wasu na ƙasa, sai abin da kuka yi yarjejeniya. A gasa kuma a kife ake ajiye katin farko, sai abokinka ya ce ba shi da tambaya kan tayin sannan ka buɗe.