Ku Tambayi Masana Ruwa: Mutuwar Kifi da Asuba, Ƙidayar Kifi da Awon Zurfin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon karfasa a tafkin ƙasa. Sau biyu ke nan ina wayar gari in tarar kifina sun taso saman ruwa suna buɗe baki, wasu ma sun mutu, alhali da yamma lafiyarsu ƙalau. Na auna ruwan da rana, na'ura ta nuna iska ta wadata. Ko guba ake zuba mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin zargin kowa. Na'urarka ba ta yi ƙarya ba, lokacin awon ne bai dace ba. Gansakukar da ke mai da ruwa kore tana fitar da iskar oksijin muddin akwai hasken rana, shi ya sa da la'asar ruwa ke cike da iska. Rana na faɗuwa sai ta daina, ta koma shaƙa tare da kifin da ƙananan halittun da ke cin ruɓaɓɓen abinci a ƙasan tafki. Haka iskar za ta yi ta raguwa har gab da fitowar alfijir, lokacin da ta fi ƙaranci.

Zafi ma na da nasa hannun. Ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 kusan 7.5 ne kawai, ga shi kuma a lokacin ne kifi ya fi buƙatar iska. Yawancin kifi na fara takura idan awon ya sauka ƙasa da 5, idan kuwa ya yi ƙasa da 2 ya daɗe a haka, sai mutuwa. Ka lura da waɗanda ke mutuwa: ƙarancin iska yakan fara da manya. In akwai tarwaɗa a ciki ita za ta tsira, domin tana iya shaƙar iskar sarari. Ran da ka ga ita ma ta bi sahu, to ka nemi wani dalilin.

Ka auna da ƙarfe 10 na dare, ka sake da 12, sannan da asuba, a tsakiyar zurfin ruwa ba a samansa ba. Bambancin awo biyun farko zai nuna maka inda za a kwana. Ka kuma haɗa faifan awon duhun ruwa, wanda asalinsa Angelo Secchi ya fara amfani da shi a 1865: faifai mai faɗin santimita 20, a raba fuskarsa huɗu, fari da baƙi, a ɗaura masa igiya mai alamun santimita. Ka zura shi a hankali har ya ɓace wa idonka. Santimita 30 zuwa 45 daidai ne. In ya ɓace tun kafin 20, gansakuka ta yi yawa, sai ka daina zuba taki ka rage abinci. Ranar da kifi suka taso, kada ka ba su ko ƙwaya ɗaya, domin narkar da abinci na cin iska. Ka kunna injin famfo ya riƙa ɗibar ruwan saman tafki yana watsa shi cikin iska yana komawa. Kada ka zuƙo na ƙasa ka gauraya, shi ne mafi muni. Abin da ruwan sama mai sanyi ke yi ke nan bayan kwanakin zafi: ya juya tafki, ruwan ƙasa marar iska ya taso, kifi su mutu cikin sa'o'i.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Yaya masu bincike ke cewa akwai kifi kaza a tafki, alhali ba wanda ya kwashe ruwan ya ƙirga?

Amsa: Ɗalibarmu, ba ƙirga suke yi ba, ƙiyasi ne mai lissafi. Ana kama kifi, a sa musu alama, a sake su, a bar su su gauraya da sauran, sannan a sake jefa taru. A ce kin yi wa 200 alama. Bayan mako guda kin kama 150, kika tarar 30 na da alamarki, wato ɗaya cikin biyar. Ashe 200 ɗin nan kashi ɗaya ne cikin biyar na duka, jimla 1,000. Lissafin shi ne 200 sau 150, a raba da 30. Dabarar na ɗauke da sunan Johannes Petersen, masanin kifi ɗan Denmak.

Lissafin ba wuya, wurin aiki ake tafka kuskure. In alama ta faɗi ko kifin ya mutu saboda raunin da kika ji masa, masu alama za su ragu a kamu na biyu, adadinki ya kumbura. Da 20 kika samu maimakon 30, da kin ce 1,500 ne. In kuma kin koma daidai inda kika sake su tun ba su watsu ba, za ki kama su da yawa, adadin ya yi ƙasa. Girman idon taru ma yana zaɓe, ƙananan kifi sukan zille, saboda haka ƙiyasinki na masu girman da taru ke riƙewa ne kawai. Kuma in kogi na shiga tafkin yana fita, wannan lissafin bai isa ba.

Tambaya: Da gaske ne ana gane shekarun kifi?

Amsa: Ƙwarai kuwa. A cikin kan kifi, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai 'yan duwatsun kunne guda shida, uku a kowane gefe. Kullum suna ƙara kauri, kuma idan girma ya ja baya, a lokacin sanyi ko rani, sai layi ya fito. Ana ciro dutsen, a yanka shi siriri, a goge har haske ya ratsa, a ƙirga layukan a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1971 Giorgio Pannella ya nuna akwai ma layukan kowace rana. Ƙirga layukan ɓawon jikin kifi ya fi sauƙi tunda ba sai an kashe kifin ba, amma yakan rage wa tsohon kifi shekaru, kuma ɓawon da ya sake tsirowa bayan rauni tsakiyarsa a shafe take. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai a yanka ƙayar fiffikenta na gefe. Kifin shak ba shi da irin waɗannan duwatsu. Shak na yankin Girinlan, ta ƙwayar ido aka auna shekarunsa a 2016, aka samu mafi girman waɗanda aka gwada ta kai aƙalla shekara 272.

Tambaya: Wace igiya ce ta isa auna zurfin teku?

Amsa: Da can igiyar ce, Malam. Jirgin Challenger na Ingila, a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876, da igiya mai nauyi a baki ya riƙa awo. Yanzu sauti ake aikawa a jira amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, don haka in ya dawo bayan daƙiƙa 4, zurfin mita 3,000 ne, tunda zuwa da dawowa ya yi. Sai dai zafi da gishiri da nauyin ruwa na canza saurin, dole a zura na'ura ta auna su tukuna, in ba haka ba taswira ta karkace. A ramin Mariyana da ke tekun Fasifik, mai zurfin kusan mita 10,900, sai an jira fiye da daƙiƙa 14 kafin sautin ya dawo.